Babi na Bakwai: Sakan Uku da Aka Buga Sau Uku

Duk wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, ranar da ya fara zama kallon ƙwallon kwando akwai tambayar da ba ya rasa yi. Wasa ya zo gangara, saura ƙiris a tashi, sai alƙalan wasa su tsayar da kowa, su nufi gefen fili su duƙufa a kan wani ɗan allo. Can bayan minti biyu ko uku sai a ga agogon da ke nuna sakan 1.2 ya koma 1.9. Lokacin da ya riga ya wuce ana dawo da shi ne? Wa ya ba su wannan iko, kuma da me suke auna abin da za su mayar?

Tambayar tana kan hanya, domin a ƙwallon ƙafa lokaci yana hannun alƙali. Agogonsa ba ya tsayawa, a ƙarshe ya ƙiyasta abin da aka ɓata ya ƙara, kuma babu mai ja da shi a kan sakan biyar ko goma. A ƙwallon kwando agogo na kowa ne. Yana rataye a sama, 'yan wasa da koci da 'yan kallo duk shi suke duba, ana tsayar da shi a kuma tayar da shi sau da dama a kowane zango. Minti 40 ake bugawa a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, minti 48 a gasar NBA ta Amurka, amma sai an kwashe wajen awa biyu ko fiye kafin a tashi. Kowace tsayawa da kowane tashi ƙofa ce da kuskure zai iya shigowa.

Hannun alƙali da yatsan mai agogo

A gefen fili akwai tebur, a teburin akwai mutumin da aikinsa kawai danna agogo. Idan alƙali ya busa usur ya ɗaga hannu, sai ya tsayar. Idan za a jefo ƙwallo daga bayan layi, agogo ba ya tashi lokacin da ta bar hannun mai jefowa, sai ta taɓa wani ɗan wasa a cikin fili, ko da kuwa da ɗan yatsa ne, ko da abokin hamayya ne. Alƙali yana riƙe da hannunsa a sama, da ta taɓa wani sai ya sauke shi da sauri, mai agogo ya danna. A lokacin jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasan da aka yi wa ƙeta, agogo a tsaye yake.

Tsakanin idon alƙali da hannunsa, da idon mai agogo da yatsansa, akwai ɗan jinkirin da babu ɗan Adam da ya tsira daga gare shi. A farkon wasa babu wanda ya damu. A sakan biyun ƙarshe wannan jinkirin shi ne ke raba nasara da faɗuwa. Wani lokaci alƙali bai ga an taɓa ƙwallo ba, agogo ya makara wajen tashi. Wani lokaci ihun 'yan kallo ya danne ƙarar usur, agogo ya ci gaba da gudu bayan an tsayar da wasa. Wani lokaci kuma hannu ya riga ido, a tayar da shi ƙwallo tana iska.

Wani tsohon alƙalin NBA, Mike Costabile, ya ƙirƙiro na'urar da ta rage rabin matsalar. Alƙali yana ɗaura ta a ƙugu, da ƙaramin makirfo kusa da usur ɗinsa, da ya busa agogo ya tsaya da kansa. Tayar da agogon kuwa har yanzu sai an danna maɓalli da yatsa. Kuma wannan na manyan gasanni ne. A filayen makarantu da na unguwanni, a Kano ko Kaduna ko Yamai, inda ake bin dokar FIBA, yawanci mutum ɗaya ne a tebur da agogon hannu, sai idon alƙali. Don haka tambayar wannan babi ta fi shafar su fiye da kowa.

Daren Munich

Rigimar agogo mafi girma a tarihin wasan ta faru ne a watan Satumba na 1972, a wasan ƙarshe na gasar Olamfik a birnin Munich na Jamus ta Yamma. Amurka ce da Tarayyar Sobiyet, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Tun da aka shigar da ƙwallon kwando Olamfik a 1936 ba a taɓa doke Amurka ba, ta ci wasa 63 a jere.

Sobiyet ce a gaba kusan duk tsawon wasan. Ana 49 da 48, Doug Collins na Amurka ya fizge ƙwallo ya nufi kwando, aka kayar da shi mummunan kayarwa, saura sakan 3. Ya tashi yana jiri ya jefa na farko ta shiga. Yana cikin jefa na biyu ƙararrawar tebur ta yi ƙara, bai tsaya ba, ta sake shiga. Amurka 50, Sobiyet 49.

'Yan Sobiyet suka jefo ƙwallo, agogo ya tashi. Sai ga masu horar da su sun yo kan tebur suna cewa sun nemi hutun shawara tun kafin jifan Collins ba a ba su ba. Alƙali Renato Righetto ɗan Birazil ya ga hayaniya ya busa usur, saura sakan 1. Nan ne William Jones, ɗan Birtaniya, babban sakataren FIBA, ya sauko daga mazauninsa ya ɗaga yatsu uku: a mayar da agogo sakan 3. Doka ba ta ba shi hurumin sa baki a wasan da ake cikin bugawa ba, amma babu wanda ya iya ce masa a'a.

Aka sake jefo ƙwallo karo na biyu, alhali masu tebur ba su gama saita agogon ba, yana nuna sakan 50. Ƙararrawa ta yi ƙara, jifan Sobiyet bai shiga ba, 'yan Amurka suka ɓarke da murna, jama'a suka cika fili. Aka ce a koma, agogo bai daidaita ba. A karo na uku Ivan Edeshko ya tsaya a bayan layi ya wurga ƙwallo daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan. Alexander Belov ya yi tsalle tsakanin 'yan Amurka biyu ya cafe, ɗaya ya zube ɗaya ya fice bayan layi, ya saka ta a kwando. 51 da 50.

Amurka ta ɗaukaka ƙara. Kwamitin mutum biyar ya zauna, uku suka ƙi, biyu suka yarda, kuma an daɗe ana nuna cewa ukun daga Hangari da Polan da Kyuba suke, biyun daga Italiya da Puerto Rico. 'Yan wasan Amurka 12 suka ƙi karɓar lambar azurfa, har yau lambobin suna ajiye a Suwizalan. Kyaftin ɗinsu Kenny Davis ya rubuta a wasiyyarsa cewa kada wani magajinsa ya karɓa.

In za a yi adalci, 'yan Sobiyet suna da hujja. Idan da gaske sun nemi hutu a kan ƙa'ida kuma tebur ne ya makara, to an zalunce su, kuma sakan 3 haƙƙinsu ne. Abin da ya ɓata daren shi ne hanyar da aka bi: wanda ba shi da iko ne ya yanke hukunci, babu wata rubutacciyar ƙa'ida da aka dogara da ita, sannan aka tayar da wasa agogo bai shirya ba. Dokokin gyaran agogo da ake bi yau suna ƙoƙarin kauce wa irin waɗannan kurakurai uku.

Sai da tabbaci

Ƙa'idar farko ita ce alƙalan da ke cikin fili kaɗai ke gyara agogo, kuma babbansu ne ke da maganar ƙarshe. Shugaban hukuma ko mai kulob ko koci ba su da ta cewa. Ta biyu ta fi wuya: alƙali ba ya ƙara ko rage lokaci sai yana da tabbacin nawa ne. Dokar makarantun sakandare na Amurka, inda yawanci babu bidiyo, ta fito da wannan ƙarara. Idan ya busa usur ya ɗaga kai ya ga 4.2, agogo ya ci gaba har 2.8, zai mayar da shi 4.2, domin ya gani da idonsa. Idan bai duba ba, jin cewa "kamar an ci sakan biyu" bai isa hujja ba.

Akwai wata hujjar da 'yan kallo ba su cika lura da ita ba. Alƙalin ƙwallon kwando kullum cikin ƙirga yake. Yana ƙirga sakan 5 ga mai jefo ƙwallo daga waje, yana ƙirga lokacin da ƙungiya ke da shi ta tsallake tsakiyar fili, sakan 8 a FIBA da NBA, 10 a makarantun Amurka, kuma yana kaɗa hannu da kowane sakan. Idan agogo bai tashi ba amma shi ya kai huɗu a ƙirgarsa, to yana da abin riƙewa, zai cire sakan 4. Shi ya sa ƙwararrun alƙalai, da wasa ya zo ƙarshe, sukan riƙa ƙirgawa a zuci ko da doka ba ta tilasta musu ba, kuma da sun busa usur idonsu na kan agogo.

Abin da ke faruwa idan babu wannan tabbaci an gan shi a watan Mayu na 2008, a wasannin fitar da zakara tsakanin Detroit Pistons da Orlando Magic. Saura sakan 5.1 a ƙare zango na uku, Detroit ta jefo ƙwallo, agogo ya sauka 4.8 ya maƙale. Wasa ya ci gaba, ƙwallo ta zaga hannu zuwa hannu har ta iso wurin Chauncey Billups, ya jefa mai maki uku ta shiga. Gidan talabijin yana da hoton komai, amma dokar lokacin ba ta yarda alƙalai su duba bidiyo a kan lalacewar agogo ba. Suka haɗa kai suka ƙiyasta cewa sakan 4.6 aka ci, suka ba da makin, suka bar 0.5. Washegari NBA ta amsa cewa abin ya ɗauki fiye da sakan 5.1, makin bai halatta ba. Detroit ta riga ta ci wasan 100 da 93. A kakar da ta biyo baya aka ba alƙalai damar duba bidiyo idan agogo ya sami matsala.

Kashi uku cikin goma

A kakar 1989 zuwa 1990 ne NBA ta fara nuna ɓangarorin sakan a mintin ƙarshe, kuma ba a jima ba rigima ta tashi. Ran 15 ga Janairu 1990, New York Knicks da Chicago Bulls suna kunnen doki 106 da 106, saura 0.1. Aka jefo wa Trent Tucker, ya cafe, ya juya, ya jefa, ta shiga. Babu mahalukin da zai yi wannan duka a kashi ɗaya cikin goma na sakan, agogo ne ya makara. Bulls ta kai ƙara ba ta yi nasara ba, amma an kafa doka da ake kira da sunan Tucker: in abin da ya rage bai kai 0.3 ba, ba a cafewa a jefa, sai dai a doki ƙwallon tana iska ta faɗa kwando. Wannan gyara ne tun kafin ɓarna, an cire hukuncin daga yatsan mai agogo. FIBA ma ta ɗauki irin wannan doka daga baya.

Bidiyo kuwa shekarar 2002 ce ta kawo shi. A wasannin fitar da zakara na shekarar an soke jifan Baron Davis na Charlotte wanda hoto ya nuna ya bar hannunsa a kan lokaci, aka kuma amince da na Samaki Walker na Los Angeles Lakers daf da hutun rabin lokaci, wanda hoto ya nuna ya makara. Maki uku aka ba shi, Lakers kuma da maki ɗaya ta doke Sacramento a daren, 100 da 99. Daga kakar da ta biyo baya aka fara duba jifan ƙarshen zango a bidiyo, aka kuma sa jar fitila a kewayen allon kwando wadda ke kamawa da lokaci ya cika, don a ga ƙwallo da fitila a hoto ɗaya. A 2014 NBA ta buɗe cibiyar duba bidiyo a Secaucus, jihar New Jersey, inda ake kallon duk wasannin dare a lokaci guda.

Abin da bidiyo ba ya iya mayarwa

Sai a ɗauka magana ta ƙare. Wasan Toronto Raptors da Sacramento Kings na watan Nuwamba 2016 ya nuna da saura.

Sacramento na gaba 102 da 99, saura sakan 2.4, ƙwallo a hannun Toronto. Da aka jefo ta, DeMarcus Cousins na Sacramento ya ɗan taɓa ta da hannu, wanda ke nufin agogo ya kamata ya tashi nan take. Bai tashi ba sai da ta isa hannun Terrence Ross. Ross ya buga ta ƙasa, ya daidaita, ya jefa daga nesa agogon da ke gabansa yana nuna da sauran lokaci. Ta shiga, 102 da 102. Aka koma bidiyo, aka auna daga taɓawar Cousins zuwa barin ƙwallon hannun Ross, aka samu sakan 2.5. Aka soke makin, aka tashi wasa. Toronto ta kai ƙara, aka yi watsi da ita.

A lissafi babu kuskure, 2.5 ya fi 2.4. Amma Ross da agogon da aka nuna masa ya yi aiki. Da ya ga lokacin gaskiya da bai tsaya daidaita jiki ba, da ya jefa da wuri. Kamar tela ne da aka miƙa wa tef mai kuskure ya yanka shadda: za a iya sake tef, shaddar kuwa ta yanku. A nan hukuncin ya yi tsauri, domin an ɗora wa ɗan wasa laifin da na masu agogo ne. Sake buga sakan 2.4 ɗin ya fi kusa da adalci, ko da yake masu kare hukuncin suna da abin faɗa: in an sake, an ba Toronto dama ta biyu ke nan bayan Cousins ya yi aikin tsaronsa daidai, kuma kowa ya san inda sake bugawa ya kai mutane a Munich.

Ita kanta na'urar aunawar takan yi kuskure. A watan Fabrairu na 2016, a gasar jami'o'in Amurka, James Webb na Boise State ya jefa ƙwallon nasara a kan Colorado State saura 0.8. Alƙalai suka auna da agogon da ke cikin manhajar bidiyo, ya nuna fiye da sakan ɗaya, suka soke. Colorado State ta ci wasan 97 da 93 bayan ƙarin lokaci na biyu. Daga baya hukumar gasar ta gano cewa agogon manhajar ya fi hoton gudu. Alƙalan sun bi ƙa'ida daki-daki, sakamakon ya fito ba daidai ba.

Idan kuskuren na hukunci ne

Akwai bambanci tsakanin agogo ya yi kuskure da alƙali ya yi kuskuren da ya cinye lokaci. A ce an yi wa ɗan wasa ƙetar da ta cancanci jifan kyauta biyu, alƙalai suka manta, aka ci gaba da wasa sakan 15 kafin wani ya farga. Doka ta yarda a gyara irin wannan in an gano shi da wuri: hana jifan da ya cancanta, ba da wanda bai cancanta ba, barin wani ya jefa a madadin mai haƙƙi, ba da maki ko soke shi bisa kuskure. To sakan 15 ɗin fa?

A dokar makarantun Amurka, da abin da FIBA ta daɗe a kai, za a ba shi jifansa amma lokacin da aka ci ya ciwu, makin da aka samu da laifukan da aka yi a tsakani duk suna nan. Dalilin a fili yake: 'yan wasa goma sun yi gumi da gaskiya a cikin waɗannan sakanni, share su zai haifar da sabon zalunci. NBA ta bi wata hanya. Idan an gano kuskuren cikin sakan 24, ana soke abin da ya biyo baya a mayar da agogo inda aka yi shi. In ya wuce haka, ba a taɓa agogo.

Mayar da agogo bayan an tashi wasa kuwa abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ran 19 ga Disamba 2007, a Atlanta, masu tebur suka rubuta wa Shaquille O'Neal na Miami Heat laifi shida, wanda ke fitar da ɗan wasa a NBA, alhali biyar gare shi. Saura sakan 51.9 a ƙarin lokaci. Miami ta kai ƙara, kwamishinan gasar David Stern ya amince, ya ci Atlanta Hawks tarar dala 50,000 saboda masu teburin nata ne, ya ce a sake buga sakannin. Ran 8 ga Maris 2008 aka saita agogo a 51.9, maki 114 da 111. O'Neal, wanda dominsa aka yi duk wannan, an riga an mayar da shi Phoenix Suns. Babu wanda ya ci ko maki ɗaya, Atlanta ta sake yin nasara.

An karɓi ƙarar Miami ne domin kuskuren na aiwatar da doka ne wanda takarda ta tabbatar, biyar ba shida ba. Ƙarar da ta dogara da abin da idon alƙali ya gani ko bai gani ba kusan kullum faɗuwa take yi, kamar ta San Antonio Spurs a 2004, da ta ce agogo ya makara lokacin da Derek Fisher na Lakers ya ci su saura 0.4.

Ga alƙalin da ke busa wasa a filin da babu bidiyo babu jar fitila, abin da ke hannunsa kaɗan ne amma yana da amfani. Kafin a fara ya zauna da mai agogo su fahimci juna a kan alamar hannu. A mintin ƙarshe, kafin ya miƙa ƙwallo ga mai jefowa, ya duba agogo ya tabbatar yana nuna abin da ya kamata, ya faɗa wa kocin kowane ɓangare da baki saura sakan kaza. In an sami kuskure ya tsayar da wasa tun ƙwallo ba ta kai kwando ba, domin gyaran da aka yi kafin a san wanda zai amfana kowa yakan karɓa, wanda aka yi bayan ta shiga kuwa rabin fili ne ke karɓa.

Duk wannan a kan babban agogo ne. A saman allon kwando akwai ƙaraminsa, mai ƙirga sakan 24 da aka ba kowace ƙungiya ta kai hari, kuma shi ya fi yawan jawo gardama a tebur, domin ana sake saita shi kusan duk lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwando. Ya shigo NBA a 1954, ta hannun Danny Biasone, mai kulob ɗin Syracuse Nationals, a lokacin da ƙungiyar da ke gaba takan riƙe ƙwallo minti da minti har 'yan kallo su fara watsewa. Yadda aka kai ga lambar 24, da yadda ta sake fasalin wasan baki ɗaya, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauko.